Tambayi Anti: Haɗa Fankek da Kek Mai Laushi a Abin Zaƙi Guda

Da yawa daga cikin wasiƙun wannan watan a kan abu ɗaya suka taru, wato yadda za a haɗa fankek da kek mai laushi, irin wanda ake kaɗa ƙwansa har ya yi kumfa, a fitar da abin zaƙi na bayan abinci. Na tsinto guda biyar, na ɗan rage musu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Na so in burge maigidana, sai na soya fankek masu kauri guda huɗu, na raba kek gida biyu, na jera su hawa-hawa da kirim a tsakani, na sa a firij ya kwana. Washegari kek ɗin yana nan da laushinsa, amma fankek ɗin ya yi tauri kamar roba. Da na sa wuƙa sai ta danne komai, kirim ya tsiyaye ta gefe. A ina na kuskure? Daga wata amarya.

Amsa: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Hannunki lafiya lau yake, irin fankek ɗin da kika zaɓa ne bai dace da kwanan firij ba.

Mai kaurin nan irin na Amurka, wanda ake sa wa bekin fauda ya tashi, daga kasko sai baki ake yi da shi. Da zarar ya huce, sitacin fulawar da zafi ya kumbura sai ya fara ƙanƙamewa yana sakin ruwan da ya riƙe, sanyin firij kuma ƙara hanzarta hakan yake yi. Ga botar da ke ciki ta daskare. Kek ɗinki ya tsira ne saboda sukarinsa yana da yawa, shi kuwa sukari riƙe danshi yake yi. Kwaɓin fankek sukarinsa kaɗan ne, babu abin da zai kare shi.

Wanda kike buƙata shi ne siririn nan irin na Faransa, wanda ake kira kiref. Saboda rashin kaurinsa, idan ya kwana manne da kirim sai ya tsotsi danshi ya yi laushin da cokali zai ratsa shi ba gardama. Shi ya sa ake iya jera kusan ashirin da kirim a tsakani a yi kek sukutum da su, irin wanda ya yi suna a Japan.

Ga kwaɓin da nake yi: fulawa giram 125, ƙwai 2, madara ta ruwa mililita 300, narkakkiyar bota giram 30, sukari babban cokali 1, sai ɗan gishiri. Kada ki sa bekin fauda ko kaɗan. Ki fara haɗa ƙwan da fulawar da rabin madarar har gudaji su mutu, sannan ki ƙara sauran madarar da botar. Ki tace da rariya, ki rufe ki ajiye a firij minti 30 zuwa awa ɗaya. Mutane suna raina wannan hutun, alhali a nan fulawa take shan ruwa ta saki jiki, kumfar da kaɗawa ta tayar kuma ta kwanta. Kwaɓin da bai huta ba shi ne yake yagewa wajen juyawa.

Kasko mai faɗin santimita 20 wanda ba ya kamu, wuta matsakaiciya, a goga bota kaɗan da tsumma mai tsabta. Ki ɗaga kaskon daga wuta, ki zuba ƙaramin ludayi, ki karkata shi ta kowane gefe kwaɓin ya rufe ƙasa. Minti ɗaya ya ishi fuskar farko, ta biyu kuma daƙiƙa ashirin. Kada ki bari bakinsa ya bushe ya yi ƙaras, don wajen jerawa zai karye. Za ki samu wajen guda goma. Na farko yakan fito a birkice, wannan rabon mai girki ne.

Wajen jerawa, kek ne a ƙasa kullum, domin shi ne zai ɗauki nauyi ya kuma shanye duk ruwan da ya gangaro. Ki shimfiɗa leda mai mannewa a cikin gwangwanin da kika gasa kek ɗin, ki sa yanki mai kaurin santimita ɗaya da rabi, ki shafa masa ruwan sukari. Ruwan sukarin nan awo ɗaya na sukari ne da awo ɗaya na ruwa, a tafasa a huce. Sai kirim, sai kiref, sai kirim babban cokali biyu a baje shi siriri har baki, sai wani kiref, har huɗu ko biyar. Ki ɗora yankin kek na biyu, shi ma da ruwan sukarinsa, ki ƙarasa da sauran kiref ɗin. Yawan kirim tsakanin hawa shi ne yake jawo zamewa, don haka ki danne zuciyarki. Ki rufe, ki ɗora faranti a kai ya ɗan danna, ya yi aƙalla awa 4 a firij, in ya kwana ya fi. Ki fito da shi minti 15 kafin ci, ki tsoma wuƙa a ruwan zafi ki goge kafin kowane yanka.

Ni dai da za a bar ni da zaɓina, a kwano nake yi. Ki shimfiɗa leda a kwano mai zurfi, ki jera kiref a ciki suna hawa kan juna, bakinsu yana leƙowa waje. Ki zuba kirim, ki watsa kek da aka yanka ƙanana da 'ya'yan itace, ki ƙara kirim, ki rufe bakin da faifan kek guda, ki naɗo bakin kiref ɗin a kansa. Bayan ya yi sanyi ki kife a faranti. Yana fitowa a dunƙule sumul, ba ya buƙatar wata ƙwarewa ta shafa kirim a waje, kuma ko kek ɗin ya tsage wajen gashi babu wanda zai sani.

In kuwa maigidan mai kaurin yake so, to da zafinsa za a kai masa: ki ɗan gasa yankin kek a kasko da bota, ki ɗora a kan fankek mai zafi, kirim kuma sai a kan tebur. Ko ki bi hanyar mutanen Japan a dorayaki, ƙananan fankek ɗinsu da ake mannewa biyu-biyu a ci da sanyi. Suna cika wa kwaɓin ƙwai da sukari da zuma, suna kuma naɗe shi a leda tun da ɗuminsa, shi ya sa yake kwana da laushi.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni kiref ɗin ba ya ba ni wahala, kek ɗin ne matsalata. Ba ya tashi, kuma idan na yanka sai in tarar ƙasansa ya yi danƙo, samansa ne kawai ya yi laushi. Na canza fulawa amma duk ɗaya. Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, ki bar fulawa ta huta, ba ta yi miki komai ba. Danƙon nan na ƙasa ƙwai ne da bai kaɗu ba, ko kuma bota ce ta nutse.

Kek ɗin da aka fi yi wa irin wannan aiki shi ne jenuwaz, wanda ya samo sunansa daga birnin Jenowa na Italiya. Awonsa mai sauƙin riƙewa ne: ƙwai 4, sukari giram 125, fulawa giram 125, narkakkiyar bota giram 30 ga mai so. Iskar da kika kaɗa a cikin ƙwai ita kaɗai ce take ɗaga shi, saboda haka duk aikin a nan yake. Ki fasa ƙwan a kwano da sukarin, ki ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, gindinsa kada ya taɓa ruwan, kina juyawa har ya kai wajen digiri 40 a ma'aunin Selshiyos. Idan babu ma'auni, ki sa yatsa: ɗumi za ki ji, sukarin kuma ya narke. Ƙwai mai ɗumi ya fi saurin kumfa. Ki sauke ki kaɗa da miksa minti 8 zuwa 10, har ya ninka sau uku, ya yi fari. Gwajinsa shi ne ki ɗaga abin kaɗawar ki zana layi a kai da abin da yake zuba. Idan layin ya tsaya na 'yan daƙiƙu kafin ya ɓace, ya yi. Idan ya nutse nan take, ki ci gaba. Yawancin masu wannan ƙorafin a minti na uku suke tsayawa, don sun ga kumfa sun ɗauka an gama.

Fulawar a tankaɗe ta, a zuba kashi uku, ana kwasowa daga ƙasa zuwa sama da cokali mai faɗi, ba a zagayawa. Botar kuwa kada ki kwarara ta kai tsaye. Ki ɗebi ludayi ɗaya na kwaɓin ki gauraya da ita a wani kofi, sannan ki mayar cikin sauran. Daga nan sai oben da ya riga ya yi zafi, digiri 180, minti 20 zuwa 25, kuma kada ki buɗe ƙofar kafin minti 15.

Akwai masu ganin sa bekin fauda a jenuwaz abin kunya ne. Ni ban ga laifin rabin ƙaramin cokali ga mai koyo ba. Tun 1843 da Alfred Bird ya haɗa bekin fauda a Ingila masu gashi suke dogaro da ita, da ita ce ma kek ɗin da aka sa wa sunan Sarauniya Victoria yake samun tashinsa. Amma shi wannan na Victoria ban ba ki shawarar sa shi a nan ba. Nauyin botarsa daidai yake da na fulawarsa, idan ya shiga firij ƙanƙara yake yi.

Tunda abin zaƙin namu a firij zai kwana, wanda na fi yarda da shi shi ne shifon, kek ɗin da ake yi da man girki a maimakon bota. Wani Ba'amurke mai suna Harry Baker ne ya fito da shi a 1927, ya ɓoye sirrin shekara ashirin kafin ya sayar wa kamfanin General Mills. Sirrin kuwa man ne, wanda sanyi ba ya daskarar da shi yadda yake yi wa bota. Ki raba ƙwai 4. Ki haɗa gwaiduwar da mai marar ƙamshi mililita 45, madara mililita 60 da fulawa giram 90. Farin ƙwan ki kaɗa shi da sukari giram 90 a kwano busasshe marar maiƙo, har ya tsaya da kansa amma kansa yana ɗan lanƙwasowa. Ki haɗa su a hankali, ki gasa a digiri 165 na wajen minti 35. Kada ki shafa mai a gefen gwangwanin, don da gefen yake kamawa ya hau, kuma ki kife shi ya huce.

Tambaya: Salam Anti. Ni namiji ne, ni kaɗai nake zaune, kuma ina son girki. Ba ni da oben, kasko da tukunya kawai gare ni. Akwai yadda zan yi ko in haƙura? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, babu zancen haƙura. Tunda siraran yanka muke nema, kasko ya wadatar. A ƙasar Hangari akwai shahararren kek na József Dobos, wanda ya nuna wa jama'a a baje kolin Budafes na 1885, kuma shi kowane hawa daban ake gasa shi siriri, ba a yin ƙato a yanka. Haka za ka yi a kan wuta.

Ka kwaɓa rabin awon jenuwaz ɗin da na bayar a sama, wato ƙwai 2, don idan kwaɓin ya daɗe yana jiran layi kumfarsa mutuwa take yi. Ka yanka takardar gashi daidai gindin kaskon, ka zuba rabin kwaɓin, ka baje shi ya kai kaurin santimita ɗaya, ka rufe, wuta can ƙasa iyakar yadda za ta ragu. Cikin minti 6 zuwa 8 samansa zai daina manne wa yatsa. Ba sai ka juya shi ba. Ka riƙa goge gumin da ke taruwa a murfin, don idan ya ɗiga a kai sai wurin ya lotsa. Idan gindin kaskonka siriri ne, ka ɗora shi a kan wani kaskon, zafin ya ragu.

Turarawa ma tana yi, minti 20 zuwa 25 a kan ruwa mai tafasa a hankali, sai dai kek ɗin zai fito fari, da danshi sosai, don haka ka rage ruwan sukarin da za ka shafa masa. Kaɗa ƙwai da hannu kuwa zai ci maka wajen minti ashirin, ka shirya wa wannan.

Kada ka ruɗu da dogon fankek ɗin nan na Japan mai rawa, wanda ake kaɗa farin ƙwansa daban. Gaskiya ne shi kansa tsakanin fankek da kek yake, amma da ya bar wuta yake fara sacewa. A ci shi a take, ba a gina komai a kansa.

Tambaya: Anti don Allah ki taimaka. Na yi na kwano da kirim da abarba ɗanya don baƙi. Kafin su iso kirim ɗin ya saki ruwa, kuma da na ɗanɗana sai na ji ɗaci-ɗaci, alhali komai sabo na saya. Daga wata uwargida.

Amsa: Sannu 'yar uwa, abin da ciwo. Matsala biyu ce ta haɗu miki.

Ɗacin daga abarbar yake. Ɗanyar abarba tana ɗauke da wani sinadari, buromelin, mai farfasa furotin. Idan ya zauna da madara ko kirim na 'yan awanni sai ya farfasa furotin ɗin madarar, abin da ya rage kuma ɗaci gare shi. Shi ne kuma yake hana jelatin, wato garin da ake sa wa abin zaƙi don ya kama jiki, daskarewa. Ɗanyen kiwi da ɗanyar gwanda su ma suna da irin nasu. Zafi yana kashe shi, don haka ki dafa abarbar da ɗan sukari minti biyar ki tsane ta, ko ki sayi ta gwangwani, wadda an riga an dafa. Mangwaro ba shi da wannan hali, kuma ya dace da kiref ƙwarai. A Hongkong da shi da kirim kawai suke naɗewa a cikin siririn fankek su sayar da sanyinsa. Ayaba ma tana yi idan an ɗiga mata lemun tsami don kada ta yi baƙi. Istiroberi kuwa ki wanke ki busar kafin ki yanka, kada ki barbaɗa masa sukari, don ruwansa zai fito.

Sai maganar sakin ruwa. Kirim ɗin kaɗawa ba ya tsayawa sai maiƙonsa ya kai kashi 30 cikin ɗari, na kashi 35 ya fi, ki duba jikin kwalin. Shi da kwanon da abin kaɗawar duk su fito daga firij. Amma ko ya kaɗu da kyau, shi kaɗai ba ya jure nauyin hawa goma. Abin da nake yi shi ne in haɗa shi da kastad mai kauri da na dafa da kaina: madara mililita 500, gwaiduwa 4, sukari giram 100, garin sitacin masara giram 40, bota giram 30, da banila. A kaɗa gwaiduwa da sukari da sitaci, a tsiyaya madara mai zafi a hankali ana juyawa, a mayar kan wuta.

A nan ne mutane suke tsorata su sauke da wuri. Ki bar shi ya tafasa sosai, yana ɓulɓulowa, minti ɗaya zuwa biyu kina juyawa ba tsayawa. Gwaiduwa tana da wani sinadari mai narkar da sitaci, idan tafasa ba ta kashe shi ba, kastad ɗin da kika kwanta kika bari da kauri za ki tashi ki tarar ya tsinke. Ƙwan ba zai guntse ba, sitacin yana kare shi. Ki sauke, ki sa botar, ki manna leda a kan fuskarsa don kada ya yi fata. Idan ya yi sanyi ki buga shi ya saki, ki gauraya da kirim mililita 200 da kika kaɗa. Wannan yana tsayawa a yanka, kuma bai cika gundura ba.

Tunda don baƙi ne, ki kula da lokaci. Abin da ke da ƙwai da madara kada ya wuce awa 2 a waje, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa 1. Ki bar shi a firij sai an gama cin abinci. Abin da ya rage a cinye shi cikin kwana biyu zuwa uku.

Tambaya: Anti, ina da ragowar kek da ya ɗan bushe, zai yi? Kuma zan iya haɗa komai in sa a firiza har zuwa ranar da nake buƙata? Daga ƙanwarki.

Amsa: Ƙanwata, in dai bushewa ce kawai ba lalacewa ba, ya ma fi sabo, don ya fi shan ruwan sukari ba tare da ya dagargaje ba. Da irinsa mutanen Ingila suke yin tirayiful ɗinsu, wato abin zaƙin da ake jera kek da kastad da kirim hawa-hawa a kwano. Ki yanka shi tsawon yatsa, ki jiƙa da ruwan sukari ko ruwan lemu, ki ɗora a tsakiyar kiref da cokalin kirim da yankin mangwaro, ki naɗe gefe huɗu, ki kife bakin a ƙasa. Kowa da ƙunshinsa, babu wahalar yanka.

Firiza kuwa, daban-daban za ki sa. Kiref yana yin wata guda lafiya idan kin sa takardar gashi tsakaninsu kin ɗaure a leda, kek ma haka. Kastad ne ba ya so, idan ya narke ruwa yake fitarwa ya yi gudaji. Ki dafa shi ana gobe, ki fito da sauran su saki a cikin firij, ki jera da daddare.